Motar Shaho Tana Jiran Gilashi

Duk mai motar da ya shigo rumfata da ƙorafi yake shigowa, kuma har yau ban ga wanda ya ce laifinsa ne ba. Kullum gilashi ne mai laifi. Wannan ya ce na ƙofarsa ya sauka ya ƙi hawa, kuma bai tashi yin haka ba sai da ruwan sama ya tsinke. Wancan ya ce 'yar tsakuwa ce ta taɓa na gaba, ya kwanta ya tashi ya tarar tsagar ta yi tattaki har gaban fasinja. Wani kuma ya goge nasa da tsumman da ya gama goge inji da shi, ya zo yana rantsuwa cewa gilashin ne yake tsatso mai da kansa. Akwai wata mata da ta sa na liƙa mata baƙar leda mai duhun gaske don kada mutane su riƙa leƙen ta, ba a jima ba ta dawo tana faɗa wai ita ma ta daina ganin mutane. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, ai ledar ta yi adalci ke nan." Ba ta yi dariya ba, amma ta tsaya na ɓare mata.

Aikina ke nan tun gemuna yana baƙi: in cire gilashi, in sa gilashi, in saurari mita. Rumfar tawa tana bakin titi, mai walda a damana, mai faci a haguna, don haka ko ba ni da aiki ba na rasa hayaniya.

Ina da wata ɗabi'a ta aiki da kowa ya san ni da ita. Idan na gama sa gilashin gaba, ba na miƙa wa mutum makulli a tsaye. Sai na juya motar ta fuskanci titi, in zaunar da shi a kujerarsa, in ce ya karanta min allon shagon da ke tsallake. Gilashin da ke da aibu a jikinsa rubutu ne yake fara tona masa asiri, don za ka ga haruffan suna lanƙwashewa kamar an tsoma su a ruwa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san harafin da ke tsaye da wanda ke rawa. Shekaru da yawa tela ne a shagon nan, allonsa shuɗi da farin rubutu: ɗinkin maza da mata, gyara nan take, sai lambar waya a ƙasa. Da tela ya tashi, mai aski ya kama shagon. Shi kuma mutum ne mai tattali, bai sauke allon ba, fenti ya sake shafa masa, shuɗin dai, ya rubuta nasa da fari.

A bana babu wanda ya kai mijin yayata ƙorafi.

Shaho ake ce masa. Ya samu sunan ne a zamanin da yake jan manyan motoci, don an ce yakan hango rami a hanya tun abokin tafiyarsa bai hango hanyar ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba za ka zauna da shi ka tashi ba ka ji wannan ba. Da gwiwa da baya suka fara yi masa gardama sai ya ajiye babbar mota, ya sayi wata 'yar ƙarama ruwan toka, tsohuwa amma tsaf. Da hannunsa yake wanke ta kowace safiya. Da ita yake kai Yaya kasuwa, da ita yake kai jikoki makaranta ya ɗauko su, da ita yake zuwa gaishe-gaishen da babu wanda ya aike shi. Makullin a aljihun gaban rigarsa yake wuni. Yaya ta taɓa cewa da za a ba shi zaɓi tsakaninta da makullin nan, sai ya ce a bari ya yi shawara tukuna.

Ni Auta suke ce min, shi da Yaya, duk da furfurar da ta cinye min kai. Tsakanina da shi kuwa tsokana ce tun lokacin da yake zuwa gidanmu yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Zuwansa na farko a kan waifa ne, robar nan mai goge ruwa a gilashi.

"Auta, wannan abin da ka sa min ruwa yake gogewa ko mai yake shafawa?"

Na duba robar, lafiyarta ƙalau. Amma mijin Yaya ne, na canza masa. Ba a daɗe ba ya dawo, wai gilashin ya yi hayaƙi daga ciki. Na shiga da sabulu da tsumma mai laushi na goge shi har ina ganin haƙorana a jiki. Ya zauna ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce da ɗan sauƙi. Ya sake dawowa, wannan karon da hujja: in rana ta yi ƙasa, ko wata mota ta haske shi daga gaba, sai hasken ya tarwatse a gilashin kamar an fasa ƙwai.

"Gilashin ya mutu, Auta. Gilashi ma yana tsufa, ku ne ba ku sani ba."

To, a nan yana da gaskiya. Yashi da tsohuwar waifa suna cin gilashi, kuma nasa tun na kamfani ne. Na samo masa sabo fil, na sa, na juya motar ta fuskanci titi.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Karanta min allo."

Ya gyara zama, ya ɗora hannu a sitiyari kamar zai kama doguwar hanya, ya ɗaga murya yadda mai faci zai ji.

"Ɗinkin maza da mata. Gyara nan take." Ya zubo lambar wayar tela tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko a guda ba. Sannan ya ce, "Ana karantawa, amma shi ma da ɗan dishi-dishi. Kayan yanzu duk jabu ne."

Na ɗaga kai na dubi tsallake. Mai aski yana tsaye a ƙarƙashin allonsa yana karkaɗe tawul, ga kan mutum da gemu an zana ɓaro-ɓaro a samansa. Ashe mijin Yaya hadda yake kawo min.

Ban bari fuskata ta nuna komai ba. Wanda ya daɗe yana hulɗa da masu mota ya iya wannan.

"Sai dai ta kwana a nan," na ce masa. "Gam bai kama ba. In ka faɗa rami ɗaya da ita yanzu, gilashin a cinyarka zai zauna."

"Da can roba muke sawa mu kama hanya nan take."

"Da can ma a ƙafa kake zuwa gidanmu. Kawo makulli."

Ya ciro shi daga aljihu kamar ana cire masa haƙori. Na tare masa tasi.

Da yamma na rufe rumfa na nufi gidansu, na daidaici lokacin da yake fita hira wurin abokansa. Na tarar da Yaya tana ninke wanki a falo, babbar 'yarsu kuma tana zaune ba ta ko ajiye jakarta ba. Ita ce uwar jikokin da ake kaiwa makaranta. Ubanta Sufeto yake kiran ta, don duk zuwan da za ta yi sai ta zagaya motarsa tana duba jikinta kafin ta yi sallama.

Na ba su labarin allo. Yaya ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Kai yau ka sani, Auta. Ni na gaji da canza ƙwan fitilar ɗakinsa, kullum wai na sayo mara haske. Shekaranjiya ya tsaya yana gaida bargon da na shanya a igiya, har da tambayar mutanen gida."

"Bargon ya amsa?"

"Ya shigo yana cewa maƙwabcin nan ya fara girman kai."

Muka yi dariya ni da ita, amma Sufeto ko murmushi.

"Kawu, ƙarfen ƙofar gida ya lanƙwashe, kuma fentinsa yana jikin bambar bayan motarsa. Na tambaye shi, ya ce iska ce ta turo ƙofar. Na yi masa maganar asibitin ido, ya ce shi da yake tuƙi tun ban zo duniya ba, ni ce zan koya masa gani? 'Ya'yana ne a bayan motar nan kullum. Zan karɓi makullin."

"Kina da gaskiya," na ce.

"In kika karɓe shi daga hannunsa kin kwantar da ubanki," in ji Yaya. "Na san mijina. Ɗaki zai shiga ya ja ƙofa, ba kuma za ki ƙara jin dariyarsa ba."

"Ita ma tana da gaskiya," na ce.

"Kawu, ba rabon gaskiya muka ce ka yi mana ba."

"To yanzu dai makulli yana aljihuna, mota tana rumfata. Ki bar ni da shi."

Ta zuba min ido. Yarinyar nan tun tana goye haka take kallon mutum, kamar ta san abin da ya ci a ɓoye.

"Ranar da motar ta fito daga rumfarka, Kawu, a hannuna za ka sa makullin. Ba a nasa ba."

"Na yarda. Ranar da ta fito."

Washegari da safe na zare gilashin da na sa jiya. Na bi shi da waya a hankali na yanke gam ɗin, na ɗauke shi lafiya lau, na mai da shi kwalinsa na jingine a bayan rumfa. Na kankare bakin wurin tas, na mayar da baƙar robar gefe, na kwantar da waifa a mazauninsu. Na sauke gilasan ƙofofi duka, na juya motar ta fuskanci titi. In ka hango ta daga nesa sai ka rantse ba a taɓa goge gilashi ya yi kyau haka ba.

Na kira shi a waya na ce na sake tunani, na jiyan bai dace da mutum irinsa ba, na samo masa wani wanda babu irinsa a kasuwa. Na ce ya zo da tsakar rana. Na zaɓi lokacin ne don mai walda da mai faci suna tafiya cin abinci, abin da zai faru kuwa ba na 'yan kallo ba ne. Ranar ko ganye ba ya motsi. Da na hango shi yana sauka daga tasi sai na kashe fanka.

"Ina gilashin da ake ta zuzutawa?"

"Ga shi nan. Shiga ka gani."

Ya shiga, ya gyara madubi, ya ɗora hannu a sitiyari. Na tsaya a gefen bonet na harɗe hannuwa. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya matso gaba, ya koma baya. Sannan ya ja dogon tsaki.

"Auta, an cuce ka. Wannan ya fi na jiya muni."

"Haba dai?"

"Wallahi. Kamar an shafa masa madara. Wa ya sayar maka? Kai ni wurinsa in wanke shi tas."

"Wanda ya yi wannan ba ya karɓar ƙorafi."

"To ko gogewa ba ka yi ba. Dubi nan, dubi nan."

Ya zaro hankicinsa, ya naɗe shi a yatsu, ya miƙa hannu da ƙarfinsa zai goge. Hannun ya wuce. Ya wuce har gwiwar hannu, hankici yana reto a saman bonet.

Bai janye ba. Ya bar hannun a waje, yana ɗan motsa yatsu a iska. Ni kuma na sunkuya na kama hannun na riƙe, kamar mun haɗu a hanya.

"Barka da rana, mijin Yaya."

Na ɗauka zai zage ni. Na ma shirya wa zagin, don ya iya shi, ya kwaso kala-kala a tashoshin mota. Amma bai zage ni ba, sai ya ɗaga kai ya dubi tsallake.

"Auta. Me ke rubuce a allon nan?"

"Aski da gyaran gemu. Tela ya tashi tun bara."

Ya janye hannunsa, ya shiga ninke hankicin a kan cinya. Na zagaya na shiga kujerar fasinja. Muka zauna mu biyu a motar da ba ta da gilashi, muna kallon titi kamar masu jiran a ba su hannu.

"Na sani," ya ce. "Ba yau na sani ba. Amma muddin gilashi ne, ina da inda zan kai ƙara." Ya shafa sitiyari. "Babana haka ya fara. A bakin ƙofa ya ƙare, sai an kama masa sanda. Ni in Sufeto ta karɓi makullin nan me ya rage min? In zauna ina tambayar yayarka me za a dafa? Abokai su ce Shaho ya koma kazar gida?"

"Zamanin babanka daban. In ban yi kuskure ba yanar ido ce ta rufe maka gani. Uwar mai faci an cire mata tata, yanzu ita ke zura wa jikokinta zare a allura."

"Wuƙa a idona?"

"Kai da ka sauko gangaren dutse da lodi birki a tsinke? Ko labarin ƙarya kake ba mu shekara da shekaru?"

"Kar ka taɓa min wannan labarin."

"To saurara. Babu wanda zai karɓi makulli a hannunka, don ba ya hannunka, yana wurin mai gyara. Motarka tsohuwar ƙira ce, gilashinta ya yi wuya, sai an aiko daga nesa. Duk wanda ya tambaya abin da za ka faɗa ke nan, mota tana jiran gilashi. Kai kuma tunda kana zaune ba abin yi, sai ka ɗan leƙa asibiti a duba ka, yadda kowane babban mutum yake yi."

Ya juyo ya dube ni, ko in ce ya dubi inda yake zaton fuskata take.

"Wato laifin a kanka zai zauna."

"Ni mai gilashi ne. Laifi ai a rumfata yake kwana."

"Kuma zan iya zagin ka a gaban mutane?"

"Daidai gwargwado."

Sai ga dariyar ta fito, irin tasa mai girgiza kujera.

Ni na raka shi asibitin. Likitar mace ce, da kaɗan za ta girmi Sufeto. Ta haska masa ido ta ce yana ce, duka biyun, kuma ta isa cirewa. Ya tambaye ta yadda ake yi, murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗauko wani ido na roba mai girman lemo ta buɗe shi biyu. Ta ce a cikin ido akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi, shi ne ya dushe, za a cire shi a sa sabo, ido ɗaya tukuna, in ya warke a yi ɗayan.

Shaho ya miƙe zaune.

"A cire tsoho a sa sabo?"

"Haka ne, Baba."

Ya juyo kaina ya buga cinya. "Ka ji ko! Tun yaushe nake gaya muku gilashi ne? Wuri kawai kuka kuskure!" Sannan ya ce wa likitar, "'Yata, ki yi min aiki mai kyau. Wannan ma sana'arku ɗaya, amma shi sai a hankali."

Ranar aikin dai bakin ya mutu. An sa masa wata riga mai igiya a baya da hular leda, yana zaune a benci yana kallon ƙafafunsa. Da aka kira shi ya kamo hannun rigata ya ce ko makullin yana tare da ni. Na ciro na ba shi. Ya juya shi a tafinsa, ya maido min, ya ce in kula da shi, ya shige. Kafin Yaya ta gama addu'o'inta aka fito da shi yana tambayar nas ko an tabbata gam ya kama.

Makonnin da suka biyo baya ni na sha wuya, shi kuwa ya ji daɗinsu fiye da kowa. Na lulluɓe motar da tamfol a kusurwar rumfa, shi kuma ya mai da zuwa wurina aikin yi. Sai ya sauko daga tasi da ƙaton baƙin tabarau, ya tsaya a tsakiyar rumfa inda kowa zai ji.

"Jama'a ku taya ni gani! Gilashi ɗaya tal! Ko a ka aka ɗauko shi ai da ya iso. Ba don ƙanin matata ne ba da tuni na kai shi ƙara."

Mai walda ya ɗage murfin fuskarsa. "Kai ma dai ka ji kunya. Dattijo yana fama da ido, ka bar shi yana fama da tasi."

"Yana hanya," nake cewa.

"Wace hanya? Ni fa na ga wani kwali a bayan rumfarka."

"Na wani ne."

Mai faci, wanda ya fi shi kai, ya dubi tabaraun Shaho, ya dubi tamfol, ya ce wa mai walda ya koma kan ƙarfensa. Tun daga ranar, in Shaho ya fara, mai faci ke yi masa amshi.

Sufeto ta ɗauki kai yara makaranta a kanta. Sau ɗaya ta biyo, ta ɗaga gefen tamfol ta leƙa, ta ga gaban mota a hangame, ta dube ni. "Kawu, Allah ya shirye ka." Na ce amin, da ni da ubanki.

Da ido na farko ya washe, Yaya ce ta fara shan nata. Ta kira ni a waya tana dariya har da tari. Wai ya tsaya a tsakar gida yana kallon ta, ya ce, "Ke yaushe kika yi wannan furfurar?" Ta ce masa a gidansa ta same ta. Ya buɗe akwatin kayansa ya ɗauko rigar da ya fi so, wadda yake zuwa hira da ita yana cewa ruwan ƙasa ce, ashe ruwan hoda ce mai ɗaukar ido. Ya tambayi me ya sa ba wanda ya gaya masa. Ta ce ta gaya masa, ya ce ba ta san kala ba. Daga nan ya fita ya ba maƙwabci haƙuri a kan wata gaba da maƙwabcin bai san ana yi ba.

Aka yi na biyun, ya warke, likita ta gwada shi da nata allon ta ce zai iya tuƙi. Ranar gilashi ya iso daga bayan rumfa. Na sa shi a natse, na bar gam ya kama yadda ya kamata, na wanke motar da kaina, na juya ta ta fuskanci titi.

Su uku suka zo, shi da Yaya da Sufeto. Mai walda ya kashe inji, mai faci ya jawo taya ya zauna. Shaho ya shiga, kafin ya ce komai ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin. Ni kaɗai na san dalili, sai na kau da kai.

"Karanta min allo, ranka ya daɗe."

"Aski da gyaran gemu." Ya karanta lambar waya. "A ƙasa kuma da ƙaramin rubutu, ba a shan taba a ciki. Kuma ka gaya masa gemun da ya zana ya karkace."

Na ciro makullin. Ya miƙo hannu ta taga, amma na riga na yi alkawari, na wuce shi na sa a tafin Sufeto. Shaho ya bi makullin da ido.

Ta zagaya motar a hankali yadda ta saba. Ta tsaya a bambar baya ta shafa inda na sa aka gyara. Ta dawo wajen taga ta sunkuya.

"Baba, waccan farar motar da ke gaban kantin magani, mece ce lambarta?"

Ya faɗa. Ta tsuke ido ta duba, sannan ta ciro tabaraunta daga jaka ta sake dubawa. Mai faci ya ƙyalƙyale da dariya.

"Gobe yara suna da makaranta," ta ce, ta sa masa makullin a hannu. "Amma in rana ta faɗi ka ajiye ta, har sai likita ta sake ganin ka."

"To, Sufeto."

Ban taɓa jin ya ce mata to da sauri haka ba. Ya dunƙule makullin a hannu ya ɗan jijjiga shi. Yaya ta juya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Na ɗauka an gama. Sai na ga ya matso da fuska kusa da gilashin, can ƙasa ta ɓangaren fasinja.

"Auta, zo nan. Mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Kumfa. 'Yar kumfa a cikin gilashin, kamar kan allura."

Na sunkuya na duba. Na goge da hannun riga na sake dubawa. "Babu komai. Ka dai saba da ƙorafi ne."

Sufeto ta leƙa. "Akwai, Kawu."

Mai walda ya zo ya leƙa. "Ga ta nan ƙiri-ƙiri."

Na ja baya, na matso, na rufe ido ɗaya. Ban ga kumfa ba, sai wani ɗan dishi-dishi da na daɗe ina ɗora wa hasken rana.

Shaho ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar fasinja. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa kyautar sabuwar tirela.

"Shigo, Auta. Na san wata likita."

"Ina da aiki."

"Mai faci zai kular maka da rumfa. In an tambaya a ce kana jiran gilashi."

Yaya ta shige baya tana dariya, ta ce wannan ba za a ba ta labari ba. Na wanke hannu na shiga. Ya tada motar, ya danna wa mai aski hon, muka hau titi. Tun ban hango komai ba ya ɗan karkata sitiyari, na ji ramin ya wuce ta gefen taya.